Babin Da Babu Shi A Littafin

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa "Auta kin dace, Allah Ya ba mu irin Injiniyanki", ku ɗan dakata da addu'ar nan tukuna. Yau ba labarin turare da agogo na kawo muku ba. Abin da zan faɗa ba zai yi mini kyau ba, na sani, amma na gaji da riƙe shi ni kaɗai. In kun gama karantawa ku zage ni, na ba ku dama.

Ga wanda yau ya fara shigowa: mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya, kuma shekara takwas Yaya ta ba ni. Babanmu, Allah Ya ji ƙansa, mai wanki da guga ne. A shago ɗaya ya ƙare rayuwarsa, mu kuma a ɗakin bayan shagon muka tashi, cikin warin sitaci da hayaƙin gawayi. Ni na yi karatu, yanzu ina ba da magani a wani babban asibiti, da farar rigata da katin aiki a wuya. Yaya ita ta gaji teburin Baba. Injiniya kuwa shi ne mai nemana, wata goma sha ɗaya ke nan, kuma ranar Asabar mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu za su zo gidanmu karon farko.

Da na ce gidanmu, ba shagon nake nufi ba. Bara na kama mana haya ni da Umma, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, da tayil mai santsi wanda har yau Umma ke takawa kamar ba ta yarda da shi ba. Yaya ta ƙi biyo mu. Ta ce ita ba ta iya barci inda ba ta jin ɗigar ruwan shanya.

Ranar Litinin na dawo aiki na tarar da falo tsirara. Umma ta sauke labulaye duka, ta cire rigunan kujeru, tana ƙulle su cikin zanen gado tare da doguwar rigata ruwan zuma wadda zan sa ranar Asabar.

"Wajen Yayarki za a kai," in ji ta. "Ta ce Juma'a da la'asar sun fito."

"Umma, ai da mun kai wa masu inji."

"Su ƙone miki riga? Duk garin nan wa ya kai Yayarki iya karin labule?"

Ta ɗaure ƙullin, ta ƙara ɗaurewa, ba ta ɗago ba.

"Auta."

"Na'am."

"Ranar Asabar ɗin nan, ba sai ta zo ba. Na riga na faɗa mata."

"Me ta ce?"

"Me za ta ce? Ta ce dama ranar Asabar aiki ke yi mata yawa."

Kun san abin da na ce? Na ce, "To." Na wuce ɗaki na cire takalmi, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani sanyi na ji a raina.

Kada ku ɗora wa Umma laifin duka, ni na fara. Tun haɗuwarmu ta biyu Injiniya ya ba ni labarin mahaifiyarsa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ko mai gadi za ta ɗauka sai ta tambaye shi ajin da ya tsaya. Ya ce a gidansu ko kyanwa sai da takardar shaida. Ya yi dariya, na taya shi. Sai ya tambaye ni nawa gidan. Bakina ya riga hankalina: Baba ɗan kasuwa ne, ya rasu, Yayata kuma tana aure a wani gari mai nisa, ba ta cika zuwa ba. Garin mai nisa, minti ashirin ne a motar haya. Auren kuwa wata bakwai ya yi ya mutu, tun ina sakandare.

Kuma wanda na yi wa ƙaryar mutum ne da ya taɓa fasa aure saura wata ɗaya, don ya gano yarinyar ta yi masa ƙarya a kan makarantar da ta gama. Da bakinsa ya gaya mini: "Komai zan iya haɗiyewa, ban da a mayar da ni wawa." Don haka in Yaya ta zauna a falon nan ranar Asabar, da hannuwanta da bakinta, to aurena ya tashi.

Ranar Talata ya zo asibiti lokacin hutun rana, cikin farar riga mai dogon hannu da aka goge a gurguje. 'Yar mai guga ce ni, ko ban so ba sai idona ya ga kari biyu a hannun riga. Ya turo mini wata leda ta tagar ba da magani.

"Yau ni ne mai ba da magani," ya ce. "Babi ɗaya da safe, babi ɗaya da yamma, bayan an ci abinci."

Na buɗe ledar, na ga littafi ne, na karanta layin farko na gane shi nan take.

Akwai wani littafi da na tashi da shi. Wani mai kawo wanki ne ya manta shi a aljihun kwat, bai dawo nema ba. Ba bango, ba shafin farko, don haka ba mu taɓa sanin sunansa ba, "Gidan Masaƙi" muke ce masa. Labarin wani ma'aikacin masaƙa ne da matarsa da 'ya'yansa biyar a ɗaki ɗaya, rufi yana yoyo, albashi ba ya kai wata. Na sha ba Injiniya labarin, ba tare da na faɗi inda na ji shi ba. Ashe wata uku ya yi yana bin masu sayar da tsofaffin littattafai yana ba su labarin da baki, har wani dattijo ya gane shi ya lalubo masa. Ku ce mini, mutum irin wannan ta ina za ki iya rasa shi?

Yaya ce ta karanta mini littafin, ina shekara bakwai, ita tana sha biyar. Hannuwanta ba sa taɓa zama ba aiki, don haka muka yi tsari. Ita tana guga, ni ina tsaye a kan kifaffen baho a ƙarshen tebur, na riƙe littafin a buɗe saitin fuskarta. Ta yayyafa ruwa, ta danna dutse, ta ɗaga ido ta kwashi layi biyu, ta sauke tana faɗa. In shafi ya ƙare ta ce, "Juya." In hannuna ya gaji na fara saukewa ta ce, "Ke, ɗaga! In kika sauke labari ya mutu." Mun gama shi ya fi sau goma.

Wadda na fi so a ciki ita ce Babba, 'yar fari ta masaƙin. Yarinya mai baki, mai kwaikwayon tafiyar shugaban masaƙa har uwarta ta yi dariya da hawaye. An cire ta daga makaranta ta shiga masaƙa don ƙaramarsu ta yi karatu, amma ba ta bar kowa ya huta ba, kullum sai ta faɗa musu cewa ita ce ta fi kowa ƙoƙari a aji. Sai ƙarshen labarin, wanda nake sa Yaya ta maimaita har ta yi mini tsawa. Ƙaramar ta zama alƙaliya, an tara manya ana karrama ta. Ana miƙa mata lambar yabo ta ce a dakata. Ta sauko daga dandamali da rigar alƙalai a jikinta, ta taka da ƙafa har masaƙa, ta kamo hannun Babba, auduga duk a gashinta, ta kawo ta gaban mutane ta ce, "Ga wadda za ku tafa wa." Ni ma sai in tafa, littafin ya faɗi, Yaya ta rankwashe ni.

Ina shekara tara littafin ya faɗa bahon jiƙo ya narke, daidai lokacin da na fara iya karatu da kaina har na kai babi na biyar. Kwana biyu na yi ina kuka.

Da yammar Talatar saƙon Injiniya ya shigo.

"Kada ki ji haushi, na karanta kafin in kawo miki. Ya yi daɗi. Amma wurin da kika fi ba ni labari, inda ƙanwar ta je ta ɗauko yayarta, ban gan shi ba. Ko bugu biyu ne?"

Na rubuta masa: "Ka dai yi gyangyaɗi a wurin."

"Sau biyu na duba, ranki ya daɗe."

Laraba ba ni da aiki. Na haɗa shayi, na zauna a falon da ba labule, rana tana shigowa gaba ɗaya, na fara tun daga shafin farko.

Babi biyar na farko kamar na koma gida. Ga langar abincin masaƙin mai murfi a lanƙwashe, ga bokitin da ake tara wa yoyo, ga takalmi ɗaya da yara biyu suke karɓa-karɓa. Har muryar Yaya nake ji a kan kalmomin. Amma tun a nan na fara ganin abin da ban gani ba a da. Masaƙin da nake gani gwarzo ina yarinya, yanzu na ga mutum ne da in an wulaƙanta shi a wurin aiki sai ya dawo ya sauke a kan matarsa, marubucin kuma ya bi shi da uzuri. Uwar, daga haƙuri sai haƙuri, kamar don shi aka haife ta. Talaucinsu kuwa marubucin ya wanke shi ya goge har yana ƙyalli. Ni da na kwana cikin irin ɗakin nan na san wanda ya rubuta bai taɓa jin warinsa ba.

Na ci gaba, ina jiran Babba ta buɗe baki. Na kai babi na shida, na bakwai. Jama'a, Babba ba ta da baki. Na ɗauki biro na koma baya ina sa alama: sau huɗu ta yi magana a littafin duka, uku daga ciki "To, Baba" ne. Babu kwaikwayon shugaban masaƙa. Babu "ni ce na fi kowa ƙoƙari". Cire ta daga makaranta layi ɗaya ne, tsakanin labarin tsadar kananzir da rashin lafiyar jariri. Daga nan in ta fito, to tire ta ɗauko ko tana shanya.

Haka na ci gaba har ƙarshe. Ƙaramar ta zama alƙaliya, wannan gaskiya ne. An tara manya, an miƙa mata lambar yabo, ta karɓa. Ta gode wa mahaifinta, ta gode wa malaminta na firamare, aka tafa, labari ya ƙare. Babba ba ta cikin zauren. Marubucin bai ma damu ya faɗi inda take ba. Na duba lambobin shafi ko an yage wasu, ba a yage ko ɗaya ba.

Shayina ya huce ban sha ba. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. In mun zo wurin ƙarshen nan Yaya ba ta ɗaga ido ta kalli littafin, rigar da take gogewa take kallo, kuma ba ta cewa "juya". Ni a zatona ta haddace ne. Na tuna shekarar da muka fara karatun, ita ce shekarar da ƙirjin Baba ya hana shi tsayuwa a kan gawayi. Na tuna rigar makarantata ta farko, wadda nake taƙama da ita don ta fi ta kowa kari. Rigar Yaya ce aka rage mini, har da tabon tawadarta a aljihu. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce an cire Yayarki don ke. Layi ɗaya ma ba a yi mini ba. Na dai ga ta daina fita da safe, ni kuma na fara.

Kuma duk ranar da na tafa, bayan rankwashin, sai ta tambaye ni tana dariya, "Ke za ki iya haka?" Ni kuma in ce, "Ni har mota zan saya miki!"

Yarinya 'yar shekara sha biyar ta tsaya a kan dutsen guga tana gaya mini abin da take roƙo, sau goma, a cikin labarin wasu. Ni kuma na girma na ɗauke ta na kai wani gari mai nisa. Na ji haushin marubucin, na ji haushin Baba a kabarinsa, Allah Ya yafe mini, amma haushin kaina ya fi ƙarfin duka.

Ranar Alhamis da safe na sami Umma tana goge kofunan baƙi, waɗanda ba mu taɓa shan ko ruwa a cikinsu ba.

"Umma, Yaya za ta zo ranar Asabar."

Ba ta daina gogewa ba. "Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"Ke kika ce. To, sannu. In matar nan ta tambaye ta ajin da ta tsaya fa? Kin san bakin Yayarki. Ba za ta ɓoye ba, ƙarawa ma za ta yi. Ta miƙa musu hannun nan da bilic ɗin wanki ya cinye, ta yi musu tarin nan nata, ta ce wa matar mayafinta bai gogu ba."

"To sai me? Ƙarya ne?"

"Au, yau kika san gaskiya? Ni na ce wa yaron nan ubanki ɗan kasuwa ne?"

Na kawar da kai.

Ta ajiye kofin. "Auta, shekara ashirin na yi ina kai wanki irin gidajen nan. Ta ƙofar baya nake shiga. A tsaye nake jira a ƙirga kaya, in an ba ni ruwa to a kofin roba ne da aka ware. Na san kallon da suke yi. Ba zan zauna in ga an yi wa 'yata shi a cikin falona ba."

"Wace 'yar, Umma? Mu biyu ne."

Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ɗaya ta riga ta ƙone. Kina so in zuba ido ɗayar ma ta ƙone, wahalar ta farkon ta tashi a banza? Bayan aure a faɗa masa a hankali. Namiji in ya riga ya saba, ba inda za shi."

Na fita aiki ban karya ba. Ranar sau biyu abokiyar aikina tana karɓe takardar magani daga hannuna tana cewa in je in wanke fuska.

Juma'a da la'asar na ce wa Umma ni zan karɓo kayan. Na sa baƙar doguwar riga da ƙaramin mayafi, na jefa littafin a jaka, na hau motar haya. Rabona da layin nan wata biyar. Kwatar gaban shago tana nan da ruwanta mai kumfa, igiyoyin shanya sun tsallaka lungu, rigunan mutane suna ɗiga a kan wanda bai kauce ba.

Yaya tana ciki, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, tana goge rigata ruwan zuma. Ta juya ta ciki, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan adon wuyan don kada zafi ya taɓa duwatsun. Labulayen suna gefe a ninke, gefensu a miƙe kamar an ja da zare.

"A'a, manyan baƙi," in ji ta. "Likita da kanta? Kada ki zauna a nan, akwai toka. Ki yi haƙuri, saura hannu ɗaya."

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yawwa. Wannan yadin naki akwai tsada akwai rainin hankali. Wa ya ɗinka miki? Bai san kafaɗa ba."

Na ciro littafin na ajiye a ƙarshen tebur, inda nake tsayawa da. Ta kalli bangon, ba ta gane ba. Na buɗe mata shafin farko. Ta karanta layi ɗaya, dutsen ya tsaya a hannunta, sai ta ɗaga shi da sauri ta ajiye a kan mazauninsa.

"Ashe haka sunansa yake," ta ce. "Namu ya fi daɗi."

"Na karanta shi duka, Yaya."

"Sannu da ƙoƙari."

"Babu wurin. Inda ta je masaƙa ta kamo hannunta. Babu shi."

"Na sani mana. Ni ban iya karatu ba ne?"

"Ke kika jefa shi a baho?"

Ta buɗe dutsen, ta hura gawayin, toka ta tashi, ta yi tarin nan da ke fitowa tun daga ƙasan ƙirji. Sai da ya lafa ta ce, "Kin kusa babi na shida. Da kin ga Babba ba ta da baki, da kin ce Yayarki maƙaryaciya ce. Ni kuma a lokacin ke kaɗai ce kike tafa mini."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Yaya ki yafe mini. Ki zo gobe. Ki zauna kusa da ni, in ce musu ga Yayata."

Ta kalle ni. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi.

"Ranar Litinin Umma ta kira ni. Na ce to. Na ajiye wayar a nan kusa da sitaci, na ce Auta za ta kira yanzu ta ce ba da yawunta ba. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Ko wanka zan shiga da wayar nake shiga. Ashe sai da takarda ta gaya miki kina da yaya."

"Yaya..."

"Tsaya. Me kika ce masa a kaina? Don na san ba haka kawai Umma za ta hana ni ba."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata. Ɗan kasuwa. Aure. Gari mai nisa.

Ta yi wata 'yar dariya. "Kin ma kyauta, kin yi mini miji. Yana da kirki dai ko? Yana ba ni abinci?"

"Don Allah ki bari."

"To na bari. Kina so in zo?"

"Wallahi ina so."

"Ba zan shigo falonku gobe in zama abin mamaki ba, matar da aka ce tana wata duniya ta faɗo daga sama da ƙunar dutse a hannu. In zan zo, ya san da ni tun yau. Kira shi. Nan, a gabana. Ki ce kina shagon ubanki, mai wanki da guga, kina tare da Yayarki da ta tsaya a aji uku. Ki buɗe muryar in ji. In kika faɗa, gobe tun da hantsi ina gidanku, har kwalli zan sa."

Na ciro wayar. Yatsana ya san lambar ko ido a rufe. Na danna, na buɗe muryar, na ajiye a kan tebur kusa da rigata. Ƙara ɗaya, ƙara biyu, ya ɗauka.

"Amarya! Yanzu nake maganarki. Mama tun safe take zaɓen mayafi, ta ce a gaya miki ta ƙagu ta ga gidan da aka yi wannan tarbiyyar. Kin gama littafin? Na ce miki babu wurin nan, ko?"

"Na gama."

"Kina ina ne? Ina jin kamar ruwa yana zuba."

Yaya ta naɗe hannuwa a ƙirji. Na kalli hannuwan, fatar yatsun ta yi fari ta tsage, ga tsohuwar ƙuna mai siffar bakin dutse a bayan na dama. Na buɗe baki. Na rantse muku na shirya kalmomin, suna nan a kan harshena. Sai na ji muryarsa a kaina yana cewa ban da a mayar da ni wawa, na ga falon, na ga kofunan Umma, na ga kaina ranar Litinin a tagar magani ba mai turo mini leda.

"Ina wajen wata mai guga," na ce. "Na zo karɓar kayan gobe."

"To madalla. Ki tambaye ta ko za ta karɓi nawa, wanda yake yi mini ya gama da rigunana. Sai na kira anjima."

Ya kashe.

Ruwan shanya yana ta ɗiga a waje. Yaya ta sauke hannuwanta, ta ɗauki dutsen, ta gwada zafinsa da yatsa, ta ƙarasa hannun rigar da ya rage a tsanake, har bakin maɓalli. Ta juya ta, ta rataye, ta lulluɓe da leda, ta miƙo mini.

"Riƙe ta sama, kada ta ja ƙasa," ta ce. "Ki ce masa mai gugar ta ce ya kawo, tana karɓa."

"Yaya, na kasa ne. Ki ba ni..."

Ta ɗauki littafin ta ɗora mini a kan labulayen da ke hannuna.

"Tafi da shi, Auta. Shekara ashirin ina jin haushin mutumin da ya rubuta wannan abin, ina cewa bai san 'yan'uwa ba. Ashe ya fi ni saninki."